YADDA AKA RIƘE ƘASAR DAURA BAYAN YAƘIN TURAWA

Cin ƙasa da yaƙi aikin yini ɗaya ne, riƙonta kuwa aikin shekaru. Birnin Kano da ganuwarsa duka bai ɗauki Turawa safiya guda ba, amma shirya yadda za a karɓi haraji, a yanka shari'a, a tsai da iyaka, ya ci musu shekara goma da ɗoriya. A cikin wannan shiri aka haifi aikin En'e, wanda ma'aikatan masarautu da na ƙananan hukumomi suka gada, ya kuwa kamata mai cin gado ya san asalin dukiyar. Ba inda labarin ya fi fitowa sarari kamar ƙasar Daura, musamman gundumar Mai'adua, gama a nan ne mulkin Ingilishi da na Faransi suka zauna dab da juna, talaka ɗaya yana duban su duka biyu daga bakin gonarsa.

Yadda Turawa Suka Tarar da Ƙasar

Sa'ad da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi cikin 1804, bai daɗe ba ya iso Daura. Wajen 1805 Malam Isyaku, mai riƙe da tutar Shehu, ya ci birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ba su yi nisa ba. Bayan sun yi ta sauya mazauni, wani reshe ya kafu a Zango, wani a Baure, kowanne yana kiran kansa Sarkin Daura. Watau ƙasa ɗaya ta zama uku: Daura ta Fulani mai bin Sakkwato, da Zango, da Baure. Ɗan Tunku na Kazaure kuma ya yanki nasa rabo daga kudu.

Daga arewa kuwa Damagaram ta ƙasaita a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu cikin 1884. Ya tara bindigogi, ya sa aka ƙera masa igwa a birninsa na Zindar, har Zango da Baure suka shiga kai masa gaisuwa. Saboda haka tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar, mutanen yankin Mai'adua sun riga sun saba da zama tsakanin iyayen giji biyu. Manomi yakan yi shuka bai san wanda zai karɓi zakkarsa da kaka ba, bai kuma san ko mahara za su bar shi ya girbe ba.

Zuwan Faransi da Ingilishi

Faransi suka riga isowa. Cikin 1898 aka kashe wani hafsansu, Kaftin Kazamaju, a Zindar. Cikin 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta keto ƙasar Hausa ta arewa tana ƙone garuruwa, har sojansu suka juya musu suka kashe su. Sauran rundunar ta ci gaba, ta karya mayaƙan Damagaram a Tirmini, ta shiga Zindar a ƙarshen watan Yuli. Sarki Ahmadu Kuran Daga ya fita, aka bi shi aka kashe. Cikin 1900 suka sanya wa ƙasar suna yankin soja, aka damƙa ta a hannun hafsoshi.

Ingilishi kuwa, ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewa duka ta shiga ƙarƙashinta, alhali yawancinta bai ko gani da ido ba. Sai ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Molan ya ci Kano da soja waɗanda ba su kai dubu ɗaya ba, galibinsu baƙar fata, da igwa da bindiga mai ruwa. Ranar 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Kafin watan ya ƙare Gwamna ya shiga Katsina ba tare da faɗa ba. Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya yi hijira gabas, aka tarar da shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, ya yi shahada tare da jama'a mai yawa. Daura ba ta ga yaƙi irin na Kano da Sakkwato ba, amma da iyayen gijinta duka biyu suka faɗi, na Sakkwato da na Zindar, ita ma ta shiga hannu.

Sharuɗɗan Mai Nasara

Ranar 21 ga Maris 1903, sa'ad da aka naɗa Attahiru na Biyu, Gwamna Lugga ya bayyana wa manyan Sakkwato ka'idar da zai yi mulki a kanta. Taƙaitaccen abin da ya faɗa shi ne, Fulani sun sami ƙasa da yaƙi, yanzu kuwa an ci su da yaƙi, saboda haka ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon aza haraji, da ikon ƙasa, duk sun koma hannun Gwamna. Ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, alƙalai kuma za su ci gaba da shari'a. Ya hana harin bayi da cinikinsu, ya hana sarakuna tara mayaƙa.

Dalilin wannan tsari a fili yake. Turawan ba su da yawa, kuɗin da Ingila ke aiko musu kaɗan ne, ba su san ƙasa ba, yawancinsu kuma ba su jin harshe sai da tafinta. Ba yadda za a yi mutum ɗari biyu ko uku su bi ƙauye ƙauye su ƙidaya magidanta. Dole suka jingina ga waɗanda suka tarar: sarki, da alƙali, da hakimi, da dagaci. Aka ajiye Razdan a kowane lardi, da Joji a ƙarƙashinsa, da barikin soja a bayansu. Sarki yakan rantse da Alƙur'ani zai bi Sarkin Ingila, a ba shi takarda da sanda. Umurni ya fito daga bakin sarki, amma shawarar Razdan ba a ƙin ta.

Wanda ya gwada ƙi kuwa ya ga sakamako. A Katsina aka tuɓe Sarki Abubakar cikin 1904, aka tuɓe Yero cikin 1906, aka naɗa Muhammadu Dikko. A shekarar nan ta 1906 aka rushe Satiru ƙurmus bayan tawayenta, aka kuma kai wa Haɗeja yaƙi, Sarki Muhammadu ya mutu a ciki. Duk sarkin da ke ƙasar ya fahimci cewa barikin nan ba don ado aka gina shi ba.

Komowar Sarauta Gidanta

A Daura aka yi abin da ba a yi a ko'ina ba. Sarakunan Hausa da jihadi ya kora sun kafa garuruwa a gefe: na Katsina a Maraɗi, na Gobir a Tsibiri, na Zazzau a Abuja wadda ake kira Suleja yanzu, na Kabi a Argungu. Turawa suka bar kowa inda suka tarar da shi. Na Daura kaɗai aka mayar birnin kakanninsu. Daga 1904 ake lissafin sarautar Malam Musa na gidan Zango, ba a kuwa wuce 1906 ba sai da aka kawar da sarauta daga gidan Malam Isyaku, aka haɗa Daura da Zango da Baure a ƙarƙashin sanda ɗaya, bayan shekara ɗari da rabuwa.

Mai karatu zai iya ganin amfanin abin ga Turawa. 'Yan ƙananan sarautu uku masu gaba da juna a bakin iyaka ba su riƙuwa, biyu daga cikinsu kuma sun saba duban Zindar, inda Faransi suka riga suka zauna. Sarki ɗaya wanda talakawa suka san asalinsa, wanda kuma ya san ta hannun wa ya komo, ya fi sauƙin sha'ani. Malam Musa ya rasu cikin 1911, ɗansa Abdurrahman ya hau, ya shekara 55 a kan gado har 1966. Wannan doguwar sarauta ita ta ɗinke ɓarakar da ke tsakanin gidajen nan uku. Ta fuskar Turawa, Daura ta zauna a Lardin Kano har 1934, sa'ad da aka yi Lardin Katsina aka sa ta a ciki.

Yadda Aka Ja Iyaka

Sai dai ƙasar da aka mayar wa Malam Musa ba ita ce dukan ta kakanninsa ba. Tun cikin 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, ba wanda ya taka wurin a cikin masu sa hannu. Suka gyara cikin 1898. Da Faransi suka zo bin hanyar da aka ba su, sai suka tarar hamada ce, babu rijiyoyin da za su ɗauki ayari daga Kwara zuwa Zindar. Suka kai kuka. Cikin 1904 ƙasashen biyu suka yi babban sulhu a kan rigingimunsu na duniya, Faransa ta saki wani tsohon haƙƙinta na su a gaɓar wani tsibiri kusa da Kanada, Ingila kuma ta yarda a janyo iyakar nan kudu, a bar wa Faransi jama'ar da ke bin Tasawa da Maraɗi da Zindar gwargwadon hali. Ashe kifin wani teku mai nisa yana cikin abin da aka auna da gonakin Hausawa.

Aka ƙara tantancewa cikin 1906. Daga shekarar nan zuwa 1908 Kaftin Tilo na Faransi da Manjo Oshi na Ingilishi suka bi daji da ma'auni, suna tambayar dagatai wa suke kai wa gaisuwa, suna kafa alamu, har guda 148 daga Kwara zuwa Cadi. Cikin 1910 aka tabbatar da aikinsu. Magariya, wadda asalin sarautarta na gidan Daura ne, ta faɗa wajen Faransi. Mai'adua ta zauna wajen Ingilishi, maƙwabciyarta Maimujiya ta koma hayi. Mutum ya wayi gari gidansa na ƙasa ɗaya, gonarsa ko surukansa na wata.

Gunduma, Haraji, Baitulmali da Kotu

Da aka gama da sarauta da iyaka, sai aka shiga aikin da ya fi daɗewa. A da masu sarauta a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ke kai da komo, kowane jakada kuwa da nasa rabo. Turawa suka yanka ƙasa gunduma gunduma, har mutanen Kano suka sa wa Razdan Kargil laƙabin Mai Gunduma. Aka umurci kowane hakimi ya fita ya zauna a cikin jama'arsa, aka kori jakadu. Daga wannan tsari ne Mai'adua ta zama mazaunin hakimi, inda Galadiman Daura ke riƙo.

Aka tattara kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da kuɗin shuka da na karofi da sauran ƙananan kuɗaɗe aka mai da su haraji guda, aka bar jangali a kan shanu. Malamai suka shiga ƙauyuka da littafi suna rubuta sunayen magidanta. Wuri ya ja baya, sule da kwabo da anini suka maye gurbinsa, dole manomi ya sayar da wani abu kafin ya biya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, gyaɗa ta zama abin da ake nomawa don haraji.

Da fari rabin abin da aka tara na Gwamna ne, rabi na sarki, shi ke raba wa barorinsa yadda ya ga dama. Sai Mista Fama ya fara gwada Baitulmali a Katsina, aka ga amfaninsa, wajen 1911 ya bazu a sauran masarautu. Tun daga nan rabon sarki ya zama kuɗin En'e, Ma'aji ke riƙo, ana yin ƙiyasin shekara, kowa daga sarki har dogari yana karɓar albashi a ƙarshen wata. Wannan ita ce ranar haihuwar ma'aikacin En'e. Kafin nan bara ne na mutum, bayan nan ma'aikaci ne na hukuma.

Kotunan alƙalai kuma aka ba su takardar izini, aka raba su daraja daraja gwargwadon girman hukuncin da kowace za ta iya yankewa. Aka hana yankan hannu da makamantansa, hukuncin kisa kuwa ba ya zartuwa sai Gwamna ya sa hannu. Kowace ƙara sai an rubuta ta a littafi, kuɗin ƙara da tara sai an ba da rasit an kai Baitulmali, Joji kuma yana da ikon buɗe littafin ya duba ko yaushe. Ta ƙofar kotunan nan bayi da yawa suka fanshi kansu. Doka ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya ba sai 1936, domin Turawa sun ji tsoron su rushe dukiyar sarakunan da suka jingina a kansu.

Yadda Aka Yi a Hayin Faransi

Faransi su ma ba su da yawa, su ma sun yi aiki da sarakuna, amma hannunsu dabam. Bayan sun ci Zindar suka naɗa Ahmadu ɗan Basa. Cikin 1906 suka tuhume shi da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi can bakin teku, suka ba wani baban gida, Ballama, riƙon birnin. Ba su mai da sarautar Damagaram ba sai 1923. Ƙasar suka yayyanka ta kanto kanto, kowane sarkin kanto yana amsa wa Kumandan kai tsaye. Babu Baitulmalin sarki, lanho duka na gwamnati ne. Kumandan yana da ikon ɗaure mutum ko cin sa tara ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ƙasar ta zauna da sunan yankin soja har 1922, aikin tilas kuwa ba a soke shi ba sai 1946.

Kada a ɗauka Turawan biyu abokan gaba ne a kan talaka. Da Kawusan ya tayar wa Faransi a Agadas a ƙarshen 1916, Ingilishi suka aika musu da taimakon soja daga Nijeriya. Kada kuma a ɗauka wannan ɓangare ya kuɓuta daga tilas. An ɗebi mutane aikin hanya da na dogo, a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 agajin hukuma bai taka kara ya karya ba, daga 1942 zuwa 1944 kuma an yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos, mutane da yawa ba su komo ba.

Hukuncin Talaka

Ba a taɓa tambayar talaka wane mulki yake so ba, amma a bakin iyaka yana da hanyar ba da amsa. In lanho ya yi nauyi, ko aka zo ɗiban soja, ko aikin tilas ya tsananta, sai gari ya watse da dare, da safe a gan su a hayin Ingilishi wajen dangi. A lokacin yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 an yi irin wannan ƙaura da yawa. In kuma wani dagaci na wannan ɓangare ya matsa, ko malamin jangali ya ƙidaya saniya ɗaya sau biyu, sai makiyayi ya kaɗa garkensa arewa. Kowane Bature ya san yawan mutane shi ne yawan haraji, saboda haka hakimin da jama'arsa ke raguwa sai ya yi bayani. Wannan ya sa masu mulkin bakin iyaka suka koyi sassauci wanda na cikin ƙasa ba su koya da wuri ba. Igwa ta ci ƙasar, amma ƙafar talaka ce ta yi ta gyara yadda ake riƙonta.

Abin da Aka Gani a Wasu Ƙasashe

Matsalar da ta fuskanci Gwamna Lugga ta fuskanci duk wanda ya ci ƙasa bayan babban yaƙi. Da aka ƙwace Kamaru daga hannun Jamus cikin 1916, Ingila da Faransa suka raba ta, Ingilishi suka riƙe Dikwa da wani yanki na Adamawa ta hannun sarakunansu, har aka yi ƙuri'a cikin 1961 yankin ya shigo Nijeriya. Bayan 1945 Amurka ta bar Sarkin Japan a kan gadonsa, ta yi mulki ta hannun ma'aikatan ƙasar har 1952. Jamus kuwa aka raba ta huɗu tsakanin masu nasara, layin da aka ja don sauƙin aikin soja ya zama iyakar ƙasashe biyu daga 1949 har 1990. A ko'ina tambayoyin ɗaya ne: wa za a bari a kan kujera, wa zai karɓi kuɗi, wa zai yi shari'a, ina za a ja layi. Bambancin kawai, Japan da Jamus an mai da musu ƙasarsu cikin 'yan shekaru, nan kuwa sai da aka shekara 57.

Abin da Ya Rage

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Faransi suka sauka ranar 3 ga Agusta 1960, Ingilishi ranar 1 ga Oktoba. Cikin 1967 da 1968 gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, cikin 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbinta, cikin 1987 aka yi Jihar Katsina. Gidan Malam Musa yana nan a kan gadon Daura: Muhammadu Bashar ya riƙe daga 1966 zuwa 2007, Umar Faruk Umar ya gaje shi. Layin Tilo da Oshi shi ma yana nan, kwastan na zaune a Kongolam, kuma duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi cikin 1984 da 2019 da 2023, kasuwar Mai'adua ce ke fara jin jiki, da yake da yawa cikin masu cin ta daga hayi suke zuwa.

Ma'aikacin da ke riƙe da littafin haraji ko na shari'a ko na rasit ya sani kayan aikin nan mai nasara ne ya ƙera su don ya riƙe ƙasar da ya ci. Abin da ya mai da su amanar jama'a shi ne halin mutanen da suka riƙe su: malamin da ya rubuta abin da ya karɓa daidai, da alƙalin da bai dubi rigar mai ƙara ba, da hakimin da ya faɗa wa Joji gaskiya a shekarar fari. Inda aka sami irin waɗannan, gari ya cika. Inda aka rasa su, an bar kufai, har yau kuwa hanyar hayi ba ta toshe ba. Allah ya ba shugabanni mataimaka na gari, ya zaunar da ƙasar Daura da maƙwabtanta lafiya.